Rukunin Manya

Mansur ya sake ajiye kofin shayinsa a kan saba, babbar na'urar da ke riƙe da takardun kamfanin motocin. Raihana, mai kula da na'urorin, tana kallon shugaban nata.

"Ke, cire sunanki daga masu iko," in ji shi. "Ki ba rukunin Manya cikakken iko a kanta."

"Shef, ka duba su wane ne a rukunin?"

"Ni na kafa shi. Aiki za ki koya mini?"

Shi ya kafa shi kam. Amma bara, da na'urar buga takarda ta ƙi yi wa ma'aikata aiki, sai ya zuba duk mutanen ofis a rukunin, ya manta.

Raihana ta danna, ta ba rukunin iko kamar yadda ya ce. Sannan ta aika wa kowa saƙo: "Ku buɗe dosiyen Shef." Fayil ɗinsa ne na sirri, yanzu kowa na iya buɗe shi.

A ciki akwai sunayen 'yan Nijar marasa takardar zama a ƙasar da Mansur ke kai wa jandarma. Tijani, wan Raihana, shi ne na huɗu, tun watan jiya aka kore shi zuwa iyaka.

A ɗakin gaba kujera ta faɗi. Isufu magatakarda ya ɗaga murya.

"Har da ɗana? Ina Mansur yake?"

Raihana ta gyara mayafinta, ta fita.