Tarago Biyu a Tashar Minna

Ina aji uku, wata la'asar Baba ya kai ni tashar jirgi, inda yake aikin goge taragu. Ɗan gurguzu ake ce masa a unguwa, don yawan maganarsa kan daidaiton talaka da mai kuɗi. Ya ɗaga ni na leƙa taragon manya: kujerun fata, fanka na juyawa, mutum huɗu kacal. Na baya kuwa an cunkushe, har da awaki.

"Uwata, tarihin duniya ke nan," in ji shi, rigarsa na warin kwal. "Ranar da 'ya'yan leburori suka yi ilimi, tarago ɗaya za a yi."

Na yi karatu, na tsufa ina koyarwa. Ɗalibaina a ƙasa suke zama, 'ya'yan manya suna makarantar kuɗi.

Baba, mun yi ilimin. Tarago biyu ne har gobe.