Golmo Na Biyu

Sila ya jingine babur ɗinsa a bakin gona, ya hango matarsa Alice duƙe tana noman dawa, gumi ya jiƙe mata riga. Kwanansu uku da dawowa daga asibiti a Sakkwato, inda likita ya ɗora ta a kan alluran neman haihuwa, ya ce ta riƙa ɗan tattaki da yamma, amma ban da aikin ƙarfi.

"Alice, me likita ya ce?"

Ba ta ɗago ba. "Likita ba a gidanku yake zaune ba. Shekara shida ban haihu ba, noman ma in bari? Da me za a san ina nan?"

Ya kama ƙotar fartanyar. Ta ƙi saki.

"In alluran ba su yi ba fa, Sila?"

"Shekara bakwai na yi golmo, ina noma wa babanki gona kafin ya ba ni ke. Don ke na yi noman, ba don goyo ba."

Sai yanzu ta dube shi, ta yi saurin kawar da kai.

"Sakar mini," ya ce a hankali. "Yau na shiga golmo na biyu."

Yatsunta suka saki, ɗaya bayan ɗaya.