Burodi a Hular Kwano

Wata biyu da rasuwar Umma, Baba bai yi dariya ba. Ya daina zuwa aiki a tashar jiragen ruwa, ni kuwa kullum ina tsoron kada ya bi ta.

Wata ranar bayan la'asar, a ɗakinmu na garin Kurayyat, na saka tsohon fim ɗin yaƙi. Sojan ciki dattijo ne mai tumbi. Da ya sara wa babbansu, hular kwanonsa ta faɗi, burodi ya gangaro.

Baba ya yi dariya har hawaye. "Wallahi haka nake ɓoye wa Ummanki burodi!" Ya share ido. "Maza, 'yata, miƙo min hular aikina."

Har yau sojan nan yana cikin addu'ata.