Abincin Ranar Irdina

Maznah ta ɗaga farantin ta duba har ƙarƙashinsa. Tas yake, ko ƙwayar shinkafa babu.

"Ta cinye, Abang?" ta tambaya, da laƙabin da matan garinsu ke kiran maigida da shi.

"Ga shi kina gani," in ji mijinta Rosli, yana wanke hannu a bakin famfo.

'Yarsu Irdina shekararta goma sha biyar, kuma tun bara ta ɗaura yaƙi da abinci. Daga "na ƙoshi" aka koma "na ci a makaranta", har ta kai agogonta na suɓucewa daga hannu. Likitar da ke ganinta a birnin Alor Setar ta ce ciwo ne, ba taurin kai ba, kuma a gida ake maganinsa. Iyaye su zuba abinci, su zauna da ita, ba tsawa ba duka, kada kowa ya tashi sai ta cinye. Duk mako a kawo ta awo. In nauyinta ya ci gaba da sauka, sai kwanciya a asibiti da robar abinci ta hanci.

A baki abin da sauƙi. Maznah, wadda rabin unguwa ke lashe hannu da girkinta, ta kasa sa 'yar cikinta haɗiye loma uku. Yarinyar ta yi kuka, ta yi magiya, wani lokacin ta dubi uwarta ido cikin ido ta ce, "Mak, ke ba kya sona." Maznah takan daure har a tashi, sannan ta shiga madafa ta yi nata kukan.

Ana cikin haka azumi ya kama. Likita ta ce Irdina ba za ta ɗauka ba, limamin unguwa ma ya ce haka. Maznah kuwa tana da rumfa a kasuwar buɗa-baki, tun hantsi take gidan ƙanwarta suna soye-soye. Dole abincin rana ya faɗa wuyan Rosli, da yake injin casar shinkafar da yake aiki a bakin titinsu yake.

Ba ta sa rai da komai ba. Rosli mutum ne mai shan mur, ɗan sahun gaba, wanda ke jan salla in liman ba ya nan. Ɗan manoma ne, in ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ya sunkuya ya tsince ta. Lallashin yaro kuwa, ko kusa bai iya ba. Sai ga faranti wayam tun ranar farko, kashegari ma haka.

Maznah ta yi murna, ta kuma ji zafi, don ba uwar da za ta so a fi ta iya 'yarta. Amma ta haɗiye. Ta ƙara cika farantin rana: shinkafa da madarar kwakwa, soyayyen kifi, ƙwai. Madarar da Irdina za ta sha da la'asar ma ta bar masa ya ba ta. Da yamma in Irdina ta fara juya cokali, sai ta ƙyale ta, tunda an ci mai nauyi da rana.

Shi dai Rosli duk ya yi sanyi. In an sha ruwa, daga dabino ɗaya sai ya ture kwano, wai damuwa ta toshe masa ciki. Jan sallar ma ya bar wa wani, wai maƙogwaro.

Ranar awo, nauyi ya sauka. Mako na gaba ya ƙara sauka. Likita ta daɗe riƙe da hannun yarinyar, ta ce bugun zuciyarta ya fara raguwa, mako ɗaya kawai za ta ƙara musu.

Maznah ta koma kamar ɗan sanda a gidanta. Ta zazzage kwandon shara. Ta laluba aljihuna da ƙarƙashin katifa. Ta cire sakatar banɗaki. Gidan na katako ne a kan dirkoki, sai ta yi tsammanin yarinyar na zirara abinci ta tsagar daɓe, ta kulle kaji ta shiga ƙarƙashi da rarrafe. Ba ta samu komai ba sai ciwon gwiwa.

"Abang, bari in zauna in ga yadda kake yi."

"Ido biyu ma sun yi mata yawa, balle huɗu. Ki tafi rumfarki."

"To ina abincin yake zuwa?"

Ya ce Allah ne masani, ya ɗauki hularsa ya fita.

Tsoro ya gama cika ta. Ta yi duk abin da aka ce, ta yi wanda ba a ce ba, ga 'yarta na ƙarewa a gabanta, ba ta ma san wa za ta kama ba. Ana gobe awo ta kasa tsayawa gaban kasko. Bayan azahar ta miƙa wa ƙanwarta matsami, ta zaga ta bayan gida, ta cire takalma ta hau matakala a hankali.

Muryar Irdina ta fara ji, ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi tana ƙarama in ta yi mugun mafarki. "Abah, don Allah. Yau kaɗai. Gobe wallahi zan ci da kaina."

"Haka kika ce jiya, 'yar nan," in ji Rosli.

"Kowa na azumi sai ni. Abah, in na ci mutuwa zan yi."

Sai ƙarar faranti da aka ja a kan tabarma. Maznah ta sa ido a tsagar ƙofa.

Irdina na zaune da hannuwanta busassu a cinya. Rosli ne, da rana tsaka a watan azumi, ke tura shinkafar a bakinsa, hawaye na ɗiga cikin farantin.