Layi Biyu a Kan Katako

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana kan injin yanka katako a shagon kawunsa, amma bai taɓa ganin layin fensir guda ɗaya tak ba. Duk layin da ya ja, sai ya ga wani dishi-dishi a gefensa kamar inuwa. Tun yana yaro haka yake gani, na kusa da na nesa.

Sai ya samo dabara. Yakan karce layin da ƙusa, ya ɗora yatsa a kan karcen, ya bi shi da lalube har kusa da bakin zarto. Yana yi yana karkata kai, yana ƙanƙance ido. Kafin rana ta take, kansa ya fara sarawa.

Matarsa kaɗai ta sani.

"Maigida, don Allah ka je a duba idon nan."

"In Kawu ya ji fa? Duk wanda idonsa ya yi rauni, sauke shi yake daga inji, ya koma gugar katako. Da me zan riƙe ku?"

Gaba kura, baya siyaki. A ɓoye ya sayi tabarau wurin mai talla. Da ya saka, layukan biyu suka ƙara girma, ba su haɗe ba. Kawu kuwa ya hango shi.

"A'a! Yau farfesa muka samu? Ko idon ne ya fara sallama?"

"Don garin katako ne, Kawu." Ya cusa shi a aljihu.

Haƙoran zarton ma biyu yake ganin su. Wata safiya aiki ya yi yawa, ana ta azalzalarsa. Ya kauce wa inuwar, ya miƙa wa na gaskiyar hannu. Yatsu uku suka tafi.

A asibiti, wata nas ta lura da yadda yake karkata kai yana duba takarda, ta tura shi wurin likitan ido.

"Idonka bai mutu ba," in ji likitan. "Gabansa ne bai zagaye kamar ƙwallo ba, ya ɗan miƙe kamar ƙwai, sai hoto ya tarwatse. Astigmatizim muke ce masa, kuma masu shi suna da yawa. Tabarau na awo yake so, ba na talla ba."

Kawu, wanda ya rako shi, ya sunkuyar da kai. "Haba ɗana, da ka faɗa mini."

"Da na faɗa, Kawu, me za ka ce?"



Ran da aka saka wa Dogo tabaran, abin da ya fara gani tar a rayuwarsa shi ne hannunsa naɗe da bandeji.

Jama'a, gani dishi-dishi da yawan ciwon kai ba abin ɓoyewa ba ne. A je a auna ido. Mu kuma masu ba'a da mai tabarau, mu sani bakinmu yana iya yanka kafin zarto.