Shafin Buzayen Agadas

"Ba nan ba!" Malam Abdulbaqi ya buga tafin hannunsa a kan tabarma. "Na ce miki shafin Buzaye, kin sake komawa ranar sunan Lauratu. Sau nawa za a raɗa wa yarinyar nan suna?"

Matarsa Jummai ta ce ta duba ba ta gani ba. Ya ji takardu suna ƙara ƙamas-ƙamas a hannunta, sannan ta ci gaba da karatunta a hankali, kamar ba da ita ake ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana rini a karofin Ƙofar Mata, kuma duk tsawon lokacin yana da wata al'ada da abokan sana'a suke tsokanarsa a kanta. Ranar da wani abin daɗi ya same shi, sai ya dawo gida ya jiƙa tawada, ya fere alƙalamin kara, ya rubuta shi da ajami a wani littafi mai bangon fata. Biro kuwa, ya ce na 'yan boko ne. Ɓacin rai ba ya shiga littafin, don a cewarsa wannan ba sai an rubuta ba, da kansa yake dawowa.

To, ya kuwa zo. Yanar ido ta rufe masa ido biyu tun kafin faɗuwar damina. Marinin da yake gane nunar baba da kallo ɗaya ya koma sai an miƙa masa buta. Aka ce aikin ido ne na minti ashirin. Sau huɗu ana ba shi rana. Ta farko yajin aiki ya cinye ta, ta biyu na'ura ta lalace, ta uku suga ya hau, ta huɗu kuma har yau ba wanda ya ce masa ga dalili. Ana cikin haka soron ɗakinsa ya fara yoyo, aka kwaso shi aka dawo da shi ɗakin Jummai kamar wani kayan wanki. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne karatun safe bayan koko. Shi ma ɗin Jummai ta iya ɓata shi. A bakinta littafin nan kaf labarin cikin gida ne: ranar da akuya ta haifi uku, ranar da ya shigo da kwandon mangwaro gidan ya rikice da ihu, ranar da ya fara hawa babur ya zarce da shi cikin kwata a Mandawari.

"Yaushe faɗawa kwata ta zama abin daɗi? Ni na rubuta wannan?"

"Ga shi nan a gabana, Malam."

Dariya ta ƙwace masa, ya mayar da ita tari don kada ta samu bakin magana.

Shi ba akuya yake son ji ba. So yake a karanto masa ranar da Buzayen Agadas suka ɗaga turkuɗinsa, yadin da ya rina da baba, a rana, babbansu ya ce duk Kano babu hannu irin wannan. So yake ya ji cewa shi ma ya taɓa zama wani. Da Lauratu ta zo daga gidan mijinta ta ce a kawo ta nemo masa, sai uwar ta yi caraf ta ce yarinya ba ta iya rubutun ubanta ba. Malam ya yi tsaki ya juya wa kowa baya.

Da rana ta biyar ta aikin idon ta zo, ya ce ya gama. Ba zai ƙara zama a kan benci tun asuba don a ce masa ya dawo ba. In makanta ce, ya karɓa. Ya cire hular da aka sa masa ya yar.

Jummai ba ta roƙe shi ba. Zama ta yi ta buɗe littafi, ta karanto shekarar da ƙyanda ta rufe wa Lauratu ido, yadda ya riƙa saɓa ta a kafaɗa zuwa asibiti a ƙafa, kwana shida a jere, ana cewa ya dawo gobe yana komawa, har ranar da ta buɗe ido ta kama masa gemu.

Can ya ce, "Miƙo mini hular."

A wannan karon an yi aikin. Washegari aka cire bandeji, haske ya soki idonsa na dama har ya yi ƙwalla. Ya ga fuskar likita, ya ga hannunsa da shuni bai gama saki ba, ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen mayafin Jummai, wadda bai san da ita ba.

Ko ruwa bai sha ba da suka isa gida.

"Ke Jummai, ɗauko littafin nan. Yau zan nuna miki shafin da kika shafe wata bakwai kina tsallakewa."

Ta tsaya riƙe da labule, sai da ya maimaita. Ta kawo ta ajiye masa a cinya, ta koma bakin ƙofa ta zauna, idonta a ƙasa.

Ya buɗe shafin farko. Ya buɗe na biyu. Ya matso da shi kusa da ido, ya tsallaka tsakiya, ya juya har bango.

Takardu ne da suka sha ruwa suka bushe, sai dabbare-dabbaren baƙi. Tun yoyon damina tawadar ta wanke tas, babu ko harafi ɗaya a littafin da Jummai take karanta masa kullum.