Hantsar Saniyar Baffa Gide

Baffa Gide ya riga kowa ganewa, shi da bai taɓa zama aji ba. Kwana biyu da haihuwar saniyarsa, maraƙin ya ƙi kama nono.

Tunda aka maƙala wa shanu ɗan kunne mai auna garkuwar jiki, ba a ba da allura sai ya yi ja. Taɓa hantsar mai jego kuwa laifi ne.

"Kore ne, Baffa," in ji malamar dabbobi, hannuwanta cikin aljihu. "Lafiyarta ƙalau."

"Ƙalau? 'Yar nan, annoba uku na tsallake da garken nan! Haihuwa karya jiki take, ƙarfen nan ya taɓa haihuwa? Na taɓa hantsar, wuta ce, jibi ta mutu. Kai ƙarata! In kina musu, fito da hannunki ki ɗora."